Gure: sama a buɗe, ɗalibai a rufe

A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjon wani dutse a birnin Niyok na Amurka, ya tashi a kan dala miliyan 5 da ɗoriya. Dutsen nan mai nauyin kusan kilo 25 ɓallowa ya yi daga duniyar Mars, kuma a jihar Agadas aka tsince shi a Nuwamban 2023. Sai da aka buga ƙararrawar ciniki sannan hukumomin Yamai suka buɗe bincike kan yadda ya fita. Abin da ya fi damuna shi ne: ɗalibanmu nawa ne za su iya bayanin abin da aka sayar?

Mu ɗauki Gure. Duk wanda ya kwana a gindin tsaunukan Kutus, daren da babu wata kuma ƙurar hunturu ta kwanta, ya ga sararin da masanan Turai ke biyan kuɗin jirgi don su samu irinsa. Tsofaffi suna nuna wa jikoki Kaza da ƴaƴanta da Zara matar wata. Amma da yaro ya shiga lise, sai ilimin taurari ya koma shifta: mushe ya faɗa, a rubuta, a haddace, a manta bayan jarrabawa. Ni ma haka aka yi mini.

Alhali kuwa tun 2006 wani malami, Patrick Miller, na jami'ar Hardin-Simmons a Teksas, ya kafa shirin IASC. Ana aiko wa ƴan sakandare hotunan da madubin hangen nesa na Pan-STARRS ya ɗauka a tsibiran Hawai. Hotuna ne na gefe guda na sama, an ɗauke su da tazarar mintoci. Ɗalibai su jera su cikin manhajar Astrometrica: taurari na nan inda suke, ɗigon da ya gusa kuwa wataƙila dutse ne mai kewaya rana. Su auna matsayinsa, su aika rahoto. In an tabbatar sabo ne, aka bi hanyarsa shekaru, waɗanda suka gano shi ke da damar ba da shawarar sunansa. Ba a biyan ko dala.

Na san amsar da za a ba ni: ina wuta, ina intanet, ina na'ura? Gaskiya ne. Sai dai aikin ba ya bukatar ɗakin bincike. Kwamfuta ɗaya, faifan hasken rana da malamin fizik mai himma sun isa ƙungiyar ɗalibai. Senegal ba ta fi mu duhun dare ba, amma a 2018 masanan NASA sun je can sun yi awo tare da ƴan ƙasa, har yau akwai dutsen sama mai sunan Maram Kaire.

Muna jiran mu ji daga hukumar ilimi ta Damagaram ko za ta gwada da aji ɗaya a Gure.