Kafin ku sayo wa kwamfuta UPS, ga abin da ya kamata ku sani



Makon jiya wata Hajiya da ta saba karɓar maganin maigidanta a kemis ɗinmu da ke Bulumkutu ta tsaya bayan na sallame ta, ta ce, “’Yata, ina da tambaya, amma ba ta magani ba ce.” Ɗanta na shirin jarrabawar JAMB, yana atisaye a kwamfutar tebur, da an ɗauke wuta sai aikinsa ya bi iska. An ba ta shawarar sayen UPS. Abin da take son sani shi ne, in ta sayi babba, zai iya riƙe har firjin da take ajiye allurar insulin ta Alhaji? Na ce, “Hajiya, ai wannan tambayar magani ce tsantsa.”

Mu ’yan Maiduguri ba sai an ba mu labarin rashin wuta ba. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun da ke kawo mana lantarki ta hanyar Damaturu, muka shafe watanni cikin duhu. A Maris ɗin 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50 da NNPC ta gina, amma har gobe wuta takan tafi babu sallama. Wannan tafiya ta ba-zata ita ke lalata ma’ajiyar kwamfuta. A kemis kuwa, cikin ma’ajiyar nan muke riƙe ranakun ƙarewar wa’adin magunguna da bayanan masu hawan jini da ciwon suga, shi ya sa dole ta sa na koyi wannan harka.

Abu na farko: UPS na mintoci ne, ba na awanni ba. Ƙaramin da aka fi sayarwa batir ɗaya ne a cikinsa, mai bolt 12, kuma galibi minti biyar zuwa goma sha biyar yake riƙe kwamfuta. Aikinsa ya ba ka damar adana abin da kake yi ka kashe ta lafiya, ko ka tayar da janareta.

Na biyu, kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Wanda aka rubuta wa 650VA, ainihin ƙarfinsa bai cika wuce wat 360 zuwa 400 ba. Kwamfutar aikin ofis ko karatu tare da allonta takan ja wat 100 zuwa 200, don haka ya ishe ta. Ku nemi lambar wat, ku zaɓi wanda ya fi buƙatarku da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu.

Na uku, ku zaɓi mai AVR, wato mai daidaita wuta in ta zo da rauni ko da ƙarfi. Wanda ba shi da shi, duk lokacin da wuta ta yi ƙasa sai ya koma kan batir, nan da nan batirin ya gaji. In kuna da janareta, ku yi sharaɗi da mai shago cewa za ku gwada a gida, domin wasu ba sa karɓar wutar ƙaramin inji. Ku duba ranar da aka ƙera batirin, domin wanda ya daɗe a shago ya fara mutuwa tun kafin a kunna shi.

To, batun firji fa? Kada a kuskura a jona shi. Injin firji yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin da yake tashi, ƙaramin UPS ba zai ɗauka ba. Haka dutsen guga da babbar firinta. Mai son firjinsa ya kwana a kunne, inbata da sola zai nema. Insulin da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare. Wadda ake amfani da ita, yawancin ire-irenta kan kai mako huɗu in zafi bai wuce digiri 30 ba, amma a karanta takardar da ke cikin kwalinta. Firjin da ba a buɗe shi ba yakan riƙe sanyinsa kamar awa huɗu. In wuta ta daɗe, a sa allurar cikin roba mai murfi a ajiye a gindin randa, inda rana ba ta kaiwa.

Abu na ƙarshe ya shafi yaranmu. Zafi na cin batir, ga shi a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. A ajiye UPS inda iska ke shiga, ba cikin durowa ba, kuma kada a lulluɓe shi da zane. In ya kumbura ko yana wari, a cire shi nan take. Batirin nan dalma ce a cikinsa da ruwan asid. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka mataccen batir bai kamata ya kwana a tsakar gida ba, kuma kada a bar yara su fasa shi don su sayar wa ’yan gwangwan. A mayar wa masu sayar da batir.

Hajiya ta tafi da niyyar sayen ƙarami saboda karatun ɗanta, ta fara tarin kuɗin sola saboda maganin Alhaji. Allah Ya ba yaranmu sa’a, Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.