Tawada Ko Na'ura: Wace Ta Fi Riƙe Zanen Hannu?

Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya wa kowane ɗan Adam zane a yatsunsa da tafin hannunsa tun yana cikin uwa. Zanen nan ba ya sakewa har mutuwa, ko tagwaye ma kowa da nasa. Don haka masu bincike suka daɗe suna gwada hanyoyin ɗaukarsa, su ga wadda ta fi.

Hanya ta fari ita ce tawada. Cikin shekarar 1858 wani Baturen mulki a ƙasar Hindu, Wiliyam Hashal, ya sa wani ɗan kwangila ya danna tafinsa a kan takardar alkawari. Cikin 1892 kuma Faransis Galton na Ingila ya wallafa littafi a kan rabe-raben zanen yatsu. Akan shimfiɗa tawadar ɗab'i bisa gilashi, a mirgina yatsa daga wannan gefen farce zuwa wancan, kana a mirgina shi bisa takarda. Arha gare ta, ba ruwanta da lantarki. Aibinta shi ne, in tawada ta yi yawa sai zane ya cushe, kuma kwarmin tafi ba ya taɓa takarda sai an sa soso ƙarƙashinta, ko kuwa a naɗe ta jikin kwalba a gangara hannu a kai.

Ta biyu, a shafa wa hannu garin baƙin fensir, a manna leda mai danƙo, a ɓare, a liƙa bisa farar takarda. Tana fitar da zane komai sirantakarsa, amma fa sai mai haƙuri, don tana cin lokaci.

Ta uku ita ce na'ura mai ɗaukar hoton yatsa ta ajiye cikin kwamfuta. Ga tsabta, ga sauri. Amma yatsan manomi da ƙotar fartanya ta cinye, da na tsoho, da wanda hunturu ya busar, sau da yawa sukan gagare ta. A zaɓen 2015 na'ura ta kasa karanta yatsan Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke. In haka ta sami shugaban ƙasa, ina ga talaka?

To, ashe kowace da ranarta. Wajibi ne mai bincike ya bayyana hanyar da ya bi, kada ya gwama sakamakon tawada da na na'ura kamar abu ɗaya ne. Kada kuma ya gwada na'ura a hannun 'yan makaranta da akawuna kaɗai, ya je gona da maƙera da marina, nan ne za a san ƙarfinta. Hukuma ita ma ta tanadi wata hanya ga wanda yatsansa ya ƙi fita, don kada a hana shi jefa ƙuri'a ko karɓar kuɗinsa a banki saboda zufar da ya yi wajen neman halali.

Allah ya sa a gane, amin.