Sabrutin ɗin da ba ya kawo rahoto, ɗan aiken banza ne

'Yan uwana masu karatun lantarki da kwamfuta a nan Kaura Namoda, lokacin furojet ya matso, kuma kamar kullum da yawanmu za su haɗa na'urar kunna injin burtsatse da kanta idan tanki ya yi ƙasa. Akwai sakaci ɗaya da ya kamata mu daina: rubuta sabrutin da ke dawowa bai faɗi ko aikin ya yiwu ba.

Ka ɗauki PIC16F84A da sensar HC-SR04 mai auna nisan ruwa da amon sauti. Sabrutin ya aika sauti, yana jiran amo. In waya ta kwance fa? Ko dai ya zauna jira har abada, ko ya dawo da tsohuwar lamba, babban shiri ya ɗauka tanki bai cika ba. Injin ya yi ta aiki, ruwa na zuba a ƙasa, in rijiya ta ja baya da rani kuma ya ƙone. A dakin gwaji asarar maki ce kawai. A Gurbin Bore ko wani ƙauyen Zurmi, komawar mata da yara nesa da jarka ne, a yankin da fita daji ke da haɗari.

Gyaran bai kai layi goma ba. Sa ma'auni ya katse jiran. Idan komai lafiya, fita da RETLW 0. Amo bai dawo ba, RETLW 1. Lamba ta wuce hankali, RETLW 2. Amma a kula, RETLW ba ya taɓa tutar Z, sai ka bi CALL da IORLW 0 kafin ka duba. In W na ɗauke da sakamakon awo, ba tutar C saƙon: BSF STATUS,C in an samu matsala, BCF in babu, mai kira ya duba da BTFSC. 'Yan 8051 kuna da SETB C, CLR C da JC. Sannan mai kira ya yi aiki da rahoton: ya kashe injin, ya kunna jar fitila.

Wani zai ce, "Ai ta yi aiki a Proteus." To, a Proteus bera ba ya cin waya, ƙurar hunturu ba ta toshe sensa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ranar 20 ga Yuli, 1969, kwamfutar Apollo 11, wadda aka rubuta shirinta da asambili, ta nuna 1202 ana cikin sauka a wata. Da yake lambar na da ma'ana sananniya, injiniyoyin Houston suka gane aiki ne ya yi mata yawa, suka ce a ci gaba.

Roƙona ga malamanmu masu duba furojet: ranar kare aiki, ku cire wayar sensa ɗaya ku gani. Na'urar da ta kashe injin ta kunna fitila ta cancanci maki. Wadda ta ci gaba kamar ba komai, a mayar wa mai ita ya gyara kafin ta isa ƙauyen wani.