Kada ka cinye jarinka ranar buɗe shago

Ɗan'uwa, idan kana hawa TikTok ko Facebook ka san irin bidiyon da nake nufi. Sabon shago, an ɗaura balan-balan a ƙofa, an kafa rumfa, an jera kujeru, abokai sun yi anko, mai kiɗa yana ta ambaton sunan mai shago, can sai wani babba ya sa almakashi ya yanke zare, a yi tafi. Abin gwanin sha'awa. Matsalar ita ce babu mai komawa da kyamara bayan wata uku ya nuna mana yadda kantocin shagon suka koma.

Wannan yayi na birni ya iso mana har Kahu da sauran garuruwan Kibiya da Rano, shi ya sa nake so mu yi maganar tun kafin ka saka ranar taka. Na san wani matashi a yankinmu da ya shekara biyu yana tara kuɗin noma da na ci-rani don ya buɗe shagon kayan masarufi. Ranar buɗewa an ci shinkafa, an sha lemo, an yi hotuna. Da sati ya zagayo, sukari da taliya suka ƙare, kuɗin sarin kuma an riga an ci su a faranti. Kafin a shekara, an ba wani hayar shagon.

Mu ɗan yi lissafi. A ce jarinka naira dubu 600 ne. Hayar rumfa da kujeru, abinci, lemo, mai kiɗa, mai hoto da ɗinkin anko suka lashe dubu 150. Kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka kenan ya tafi a wuni guda. In ribar da kake samu a kan kayan naira 100 ba ta wuce naira 10 ba, sai ka yi cinikin naira miliyan ɗaya da rabi kafin ka mayar da kuɗin bikin kawai. Tambayi kanka: wata nawa za ka yi a Kahu kafin ka yi wannan cinikin? Ga kuɗin mota zuwa Singa ko Kantin Kwari, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 bai sake komawa yadda yake a da ba.

Na san abin da za ka ce: ai biki talla ne. Gaskiya ne, a birni. A cikin Kano, inda shaguna suka yi layi kuma maƙwabci bai san maƙwabci ba, dole ka yi hayaniya kafin a lura da kai. Amma a Kahu wa kake so ka sanar? Tun ranar da kafinta ya fara buga maka kanta labari ya zaga majalisu. Waɗanda za su cika maka shafi da "Allah Ya sanya albarka" daga Kaduna ko Legas ba za su zo sayen maginka ba. Ainihin mai sayenka shi ne yaron da aka aiko daga cikin gida da naira 200 a hannu, da mai babur da zai tsaya ya sha ruwan sanyi, da manomin da ya dawo daga gona da yamma. Su waɗannan ba ruwansu da balan-balan. Abin da suke dubawa shi ne: akwai kayan? Nawa ne? An ba yaro canjinsa daidai?

Ba cewa nake a buɗe shago shiru kamar an yi sata ba. Godiya ga Allah da neman albarka abu ne mai kyau, kuma mun gaje shi. Ka je ka gaida mai unguwa ko dagaci ka shaida masa. Ka gayyaci liman da dattawan layin da iyayenka bayan sallar La'asar, a yi addu'a, a raba dabino da goro da alawa ga yara. Wayarka ta isa ɗaukar hoto. Wannan ba zai girgiza jari ba, kuma dattijon da ka girmama yau shi zai tsaya maka ranar da rigima ta taso da mai hayar shago.

Inda ya kamata ka kashe tunani shi ne zaɓen lokaci. Yankinmu na manoma ne, kuɗi kuma da lokacinsa. A tsakiyar damina kowa ya zuba abin hannunsa a taki da 'yan ƙodago, in ka buɗe a lokacin, littafin bashi za ka fara cikawa. Da kaka, bayan amfanin gona ya shigo gida, hannun mutane yana motsi. In tela ne kai, ka buɗe kafin azumi ka tari ɗinkin Sallah. In POS za ka kafa, babban abin shi ne kuɗin juyawa a hannu, wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba sai an yi masa bayani ba. In shagon cajin waya ne, kuɗin mai kiɗa gara su tafi a batir da sola. Ba a fafe gora ranar tafiya: gwada komai tun saura kwana biyu, ka tanadi canji, ka rubuta farashi.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ke kashe shagunan ƙauye a hankali. Ranar buɗewa ce ake gwada ka. Aboki zai ɗauki lemo ya ce "sa a asusuna," ɗan'uwa zai ce "sai na dawo." Abin da ka yarda da shi a ranar farko shi zai zama doka. Yanke shawara tun yanzu: wa za ka ba, har nawa, zuwa yaushe, kuma ka rubuta. Kunyar minti ɗaya ta fi takaicin shekara.

Ke ma 'yar'uwa mai shirin fara sayar da atamfa ko turaren wuta daga cikin gida, wannan magana har da ke. Ba sai kin tara ƙawaye an yi girki an yi liƙi ba. Hoto mai haske a WhatsApp, farashi a fili, da cika alkawarin lokaci sun fi miki kowace walima.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, mai gidajen man A.A. Rano da jiragen Rano Air, tarihinsa ya nuna da ƙananan sana'o'i ya soma, irin su sayar da ƙanƙara da man gyaɗa. Juya ƙaramin jari da haƙuri ne ya kai shi inda yake.

Don haka ga shawarata: ɗage babban bikin. Buɗe da addu'a, ka bar kuɗin a kan kanta. In shagon ya cika shekara yana tsaye, kaya sun ƙaru, ba a binka bashi, to a ranar ka kafa rumfa daga cikin riba. Ka turo mana katin gayyata, wallahi za mu zo, har da anko.

Allah Ya sa albarka a nema.