Mutum-mutumi a makarantun fasaha: gasa kaɗai ba ta fitar da injiniya

Tun 2017, kowace shekara matasa ƴan sakandare daga ƙasashe fiye da 150 suna haɗuwa a gasar harhaɗa mutum-mutumi ta FIRST Global. A Washington aka fara ta, daga baya ta je Dubai, Janeba da Singafo. Ana aika wa kowace tawaga akwatin kaya iri ɗaya, ita kuma ta ƙera injin da zai yi aikin da aka gindaya. A nan Afirka ta Yamma, Sidy Ndao, ɗan Senegal da ya koyar a jami'ar Nebraska ta Amurka, ya kafa gasar PARC a Dakar, sannan Bamako na da cibiyar RobotsMali.

Mutane da dama in sun ji an ce mutum-mutumi, sai su hango ƙarfe mai kai da hannuwa. Wanda ake koyarwa da shi bai kai haka ado ba. Sau da yawa ƴar mota ce da ba ta wuce faɗin tire ba, an ce ta bi baƙin layi a ƙasa. Akwai na'urar da ke ganin layin, akwai ƙaramin allon lantarki da ke yanke shawara, akwai inji biyu masu juya taya. Idan motar ta kauce, dole ɗalibi ya gano ko batiri ne ya yi sanyi, ko waya ce ta saki, ko taya na santsi, ko kuwa umarnin da ya rubuta a kwamfuta ne ke da kuskure. A aji, lantarki da kanikanci da lissafi kowanne da malaminsa da ranarsa. A jikin wannan ƴar mota suna haɗuwa lokaci guda, kuma hadda ba ta fid da kowa.

Tsada ma ta ragu. Allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a 2005 a garin Ivrea na Italiya domin ɗalibai, tsarinsa a buɗe yake, kowa na iya kwaikwaya, shi ya sa kwafinsa ke da araha.

Inda gizo ke saƙa shi ne gasa ƴan kaɗan take ɗauka. Tawaga ba ta wuce yara ƙalilan, galibi daga babban birni, kuma kayan daga waje suke zuwa. In an dawo an yi hotuna da hukumomi, injin guda ya ƙone, babu madadinsa a kasuwa, sai akwatin ya koma kabad. Sauran ɗalibai kuwa suna nan suna kwafar zanen da'irar lantarki daga allo.

Alhali Nijar tana da misalin abin da wannan ilimi ke haifarwa. Abdou Maman Kané ya ƙera tsarin ban-ruwa daga nesa: mai garka yana kunna famfonsa ko ya kashe shi da salula, hasken rana ke ba da wuta. Aikin ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Babu kai babu hannuwa, amma ginshiƙin ɗaya ne da na ƴar motar can: na'ura ta auna, allo ya yanke shawara, inji ya motsa. Kuma a ƙasarmu akwai jarrabawar da zauren gasa mai sanyi ba ya yi: zafin Afrilu, ƙurar hunturu da ɗaukewar kuran.

Saboda haka tambayar tana gaban EMIG a Yamai, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi, da jami'o'in Damagaram da Tawa. Sayen kaya a rana ɗaya shi ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne ware kuɗin kayan gyara kowace shekara, tunda mai koyo sai ya ƙona abu, da horar da malamin da shi kansa ba a taɓa ba shi damar riƙe ƙarfen dalma ba. Masu walda da masu gyaran salula na kasuwa za su iya shiga ciki, domin abin da ɗalibi ya sani a takarda su sun san shi a hannu.

Sai batun maki. Muddin jarrabawar rubutu ce kaɗai ke yanke wa ɗalibi hukunci a ƙarshen shekara, zai ɗauki ɗakin gwaji a matsayin wurin hutu, kuma ba za a ga laifinsa ba.