Tsatsar da Ake Nema a Cikin Injin Gas

A al'ada tsatsa abokiyar gābar ƙarfe ce. Amma a cikin injin farfela mai aiki da gas, irin na jiragen sama da tashoshin lantarki, akwai tsatsar da injiniyoyi ke rainonta da gangan. A ganina ita ta fi cancantar kulawar masu bincike, fiye da rufin tangaran da ake ta yabo.

Zafin iskar da ke dukan fukafukan injin yakan haura digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyas, alhali gaurayen nikel da aka ƙera su da shi yana fara narkewa a wajen 1,300. Don haka ake sanyaya su ta ciki, a shafe su da wani gauraye mai alminiyam, sannan a ɗora tangaran na zakoniya mai kimanin kashi 7 cikin 100 na yitiriya. Tangaran ɗin yana tare zafi, amma ba ya tare oksijin ko kaɗan. Idan iskar ta ratsa ta tarar da alminiyam, sai wani siririn ɓawo ya tsiro a tsakani. Shi ne alumina, kuma shi ke hana ƙarfen ƙonewa.

Matsalar ita ce ɓawon ba ya daina girma. Kafin kaurinsa ya kai maikiron 10, wanda bai kama ƙafar kaurin silin gashi ba, galibi rufin ya fara ɓarewa. Dalili kuwa, idan injin ya huce, ƙarfen ya fi ɓawon tsukewa nesa ba kusa ba, sai ɓawon ya takura, ya yi ƙundumi, ya tsage. Ɗan burbushin farar wuta a cikin ƙarfen ma yana raunana riƙonsa. Shi ya sa ake ƙara yitiriyam ko hafniyam. In alminiyam ya ƙare, tsatsar nikel da kuromiyam ce ke maye gurbi, ita kuwa saurin girma gare ta, ba ta da riƙo.

Ke nan yawan kunnawa da kashewa yana cin rufin kamar yadda tsawon sa'o'in aiki ke cinsa. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye. Duk lokacin da babban layin wutar ƙasa ya durƙushe, injinan tashoshi irin su Geregu da Afam sukan tsaya bagatatan, su huce ba shiri. Mukan lissafa asarar da sa'o'in duhu, mu manta da fukafukan da aka rage wa kwana, waɗanda da kuɗin waje ake sake shafe su.