Zaɓin Jama'a Ko Na Mai Tsara Akwati?

A cikin watan Yuni na 2022 abubuwa biyu sun faru a ƙasar Amurka, kwana tara ne tsakaninsu. Ran 15 ga wata kamfanin Microsoft ya yi wa burauzarsa Internet Explorer ritaya, watau manhajar nan da aka daɗe ana buɗewa a kwamfuta don shiga intanet. Ran 24 ga wata kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin da ta yanke tun 1973, wanda ya ba mata ikon zubar da ciki a duk faɗin ƙasar.

Mai karatu zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, a ko wane ɓangare ana cewa an bar wa jama'a su zaɓi abin da suke so. Amma idan aka duba da kyau, za a ga wanda ya tsara yadda za a yi zaɓen yakan riga jama'a yanke hukunci.

A fara da maganar zubar da ciki. A 1973 alƙalai bakwai daga cikin tara suka ce tsarin mulkin Amurka ya kare wannan iko. Masu adawa suka shekara 49 suna kuka cewa alƙalan da ba wanda ya zaɓe su sun ƙwace maganar daga hannun jama'a. A 2022 alƙalai biyar suka rushe wancan hukunci, suka ce sun mai da maganar hannun jama'a da wakilansu. Uku daga cikin biyar ɗin Shugaba Donald Trump ne ya naɗa su, shi kuwa a zaɓen 2016 abokiyar takararsa ta fi shi yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3. Binciken jin ra'ayi na cibiyar Pew a wannan shekara ta 2022 ya nuna wajen mutum shida cikin goma na son doka ta yarda da zubar da ciki a ko wane hali ko a yawancin halaye.

To, da maganar ta koma jihohi me jama'a suka ce? A Jihar Kansas, inda 'yan mazan jiya ke da ƙarfi, an jefa ƙuri'ar raba-gardama a watan Agusta na 2022, kashi 59 daga cikin 100 suka ƙi yarda a cire wannan kariya daga tsarin mulkin jihar. A Ohayo a 2023 kashi 57 suka sa ta cikin nasu tsarin mulkin. Amma ba ko'ina aka tafi haka ba. A 2024 mutanen Dakota ta Kudu sun ƙi, mutanen Nebraska kuma suka amince da hana zubar da ciki bayan wata uku na farko.

Abin lura yana Jihar Fulorida. A can ma kashi 57 ne suka goyi baya a 2024, daidai da na Ohayo. Sai dai dokar Fulorida ta ce ba a gyara tsarin mulki sai da kashi 60, saboda haka masu rinjaye suka sha kaye, dokar da ta hana zubar da ciki bayan mako shida ta zauna daram. A Jihar Tekzas kuwa ba ma hanyar da talakawa za su tara sa hannu su tilasta a yi ƙuri'ar. Sai abin da majalisa ta ga dama.

A koma kan burauza. A 1994 kamfanin Netscape ya fito da tasa, ta kama kasuwa. Sai Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995, ya liƙa ta a jikin Windows, ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a ciki. Kafin shekara goma fiye da kashi 90 na masu shiga intanet da ita suke amfani. Kamfanin ya ce zaɓin jama'a ne. Gwamnatin Amurka ta ce a'a, ta kai ƙara a 1998. A shekara ta 2000 alƙali ya ba da umurni a raba kamfanin gida biyu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, ko da yake ta tabbatar da laifin danne abokan gasa.

Turawa suka bi wata hanya. Tarayyar Turai ta sa Microsoft ya riƙa nuna wa mai kwamfuta jerin burauza 12 daga 2010, ya zaɓi wadda yake so, tamkar takardar ƙuri'a. Kamfanin ya yi sama da shekara guda bai nuna wa mutum wajen miliyan 15 wannan jeri ba, aka ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013.

Yau kuma Chrome ta kamfanin Google, wadda ta fito a 2008, ita ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na kasuwar duniya, kuma ita ce ɗan kasuwa a Agege ko Sabon Ibadan ke tararwa a yawancin wayoyin Android. A shari'ar da aka yi da Google a Amurka an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya fiye da dala miliyan dubu 26 don a sa injin bincikensa ya zama shi ne na farko a wayoyi da burauzoji. Ɗan kasuwa ba ya zuba irin wannan kuɗi a banza. Ya san yawancin mutane ba sa canja abin da suka tarar. A 2024 Mai Shari'a Amit Mehta ya ce Google ya yi babakere ba bisa doka ba, amma a 2025 ya ƙi tilasta masa sayar da Chrome.

Duk da haka kada a ɗauka jama'a ba su da ta cewa. Chrome ta wuce Internet Explorer a 2012 alhali ba ita ke zuwa cikin Windows ba. Mutane ne suka nemo ta da kansu. Haka a Ohayo, wata uku kafin babbar ƙuri'ar, 'yan majalisa sun nemi a ɗaga ma'auni zuwa kashi 60, jama'a suka gane inda aka dosa, suka ƙi. A ƙasar Ayalan kuma, kafin ƙuri'ar 2018, sai da aka tara talakawa 99 suka yi watanni suna sauraron likitoci da lauyoyi da masu goyon baya da masu adawa. Bayan haka kashi 66 suka soke haramcin da kashi 67 suka kafa a 1983.

Amma fa akwai bambanci babba. Burauza a minti biyu ake canja ta, zubar da ciki kuwa maganar rai ce. Masu adawa na cewa ran ɗan tayi ba abin kaiwa akwatin ƙuri'a ba ne, masu goyon baya na cewa haƙƙin mace ma haka. Ko wane ɓangare yakan yabi ƙuri'a ran da ya ga rinjaye na wajensa, ya nufi kotu ko majalisa ran da ya ga babu.

A nan Nijeriya, dokar laifuffuka ta Kudu da ta Arewa, waɗanda aka gada daga zamanin Turawa, duk sun haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, hukuncin yana kai wa ɗaurin shekara 14. A ƙarshen wancan wata na Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta fitar da ƙa'idojin da za su nuna wa likitoci inda doka ta yarda. Shugabannin addini, musamman na cocin Katolika, suka yi ca, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da ƙa'idojin a watan Yuli. Ba a tambayi jama'a ba lokacin fitarwa, ba a kuma tambaye su ba lokacin dakatarwa. Tsarin mulkin 1999 bai tanadi ƙuri'ar raba-gardama kan irin wannan batu ba. Ya tanade ta ne a kan ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma da yi wa ɗan majalisa kiranye.

Ke nan a ƙasar nan Majalisar Dokokin jiha da gwamna su ne masu tsara akwatin. Matar ɗan Arewa da ciki ya zo mata da hatsari a Idi-Araba ko Mile 12, asibitin Ikko za a kai ta, kuma dokar Ikko likita zai duba kafin ya taɓa ta. Duk ra'ayin da mutum ke da shi kan wannan magana, idan katin zaɓensa na Kano ko Sakkwato ne alhali iyalinsa na Kudu, to waɗansu ne za su zaɓar masa waɗanda ke rubuta dokar da ta hau kan gidansa.